Ƙusar Lambar Yabo

Duk unguwar babu wanda Allah ya hore wa wayo irin na shugaban ƙungiyar 'yan fansho. Shi da bakinsa ya sha faɗin haka. Shekara talatin yana buga hatimi a ofis, don haka ko daga nesa yakan gane takardar jabu. Tsofaffi na ce masa Ido-a-Buɗe, shi kuwa ya ɗauka muƙami ne.

Kowane taron wata sai ya zare tabarau, ya ɗaga waya sama. "Jama'a, 'yan damfara kwaɗayinku suke bi. A ce kun ci mota, ku saki baki. Ni fa? Ba na son abin kowa."

Gaskiya ne, ba ya son mota. Da imel ya zo daga wata cibiya ta ƙasar waje, ba a yi masa tayin ko sisi ba. Cewa aka yi labarin hikimarsa ya ƙetare teku, an zaɓe shi Gwarzon Kare Tsofaffi na bana. Shaida kawai ake nema: sunayen waɗanda yake karewa, lambobin wayarsu da bankin kowa.

Ƙanwarsa, wadda fanshon marigayi mijinta ke riƙe da ita, ta ce, "Yaya, a ina suka san ka?"

"Ji wata magana! Wa bai san ni ba?"

Ya wuni yana buga jerin, har da gyara lambobin da suka canza, don shi ba ya aikin ha'inci. Sunan ƙanwar ya sa a farko, ya tura wa cibiyar. Ya kai ɗinki wurin tela, ya sa aka sauke agogon falo, aka bar ƙusa tana jiran lambar yabo.

Ranar taro ya miƙe zai yi albishir, sai ya ga ɗakin cike maƙil, babu mai murmushi.

Ƙanwarsa ta riga shi. "Yaya, an kira ni, wai kai ka ce in karanto lambar sirrin da banki ya turo. Sun san sunana, sun san naka. Na ce tunda Yaya ne, ai shi ke nan. Fanshon ya tafi kaf."

"Ni ma haka," in ji wani tsohon direba. Hannaye suka riƙa tashi.

Ido-a-Buɗe ya gyara murya, ya duba waya ko cibiyar ta aiko da bayani. Ta aiko kuwa. Tana yaba tsaftar aikinsa, tana tambaya ko akwai wata ƙungiyar da yake shugabanta.