Ludon Baba Ya Kwanta Dama

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ga kuma faɗuwar gaba a kai, Mai Aski na bakin kwana yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙa masa ƙeya, rasuwar allon ludon gidansu. Marigayin ya cika jiya Talata da yamma, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin ɗan katako ne mai gilashi a fuska, da gidaje huɗu a cikinsa: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. Marigayiya Mama, mahaifiyar Mai Aski, ita ta sayo shi a shekarar da Baba ya rufe teburinsa na gyaran agogo ya dawo gida da zama. Ta lura cewa idan uba da ɗa suka zauna a baranda, ba abin da ake ji sai ƙarar agogon bango. Abin ya ishe ta. Mutumin da yake wuni a shago bakinsa bai huta ba, ya san rigimar gidan kowa da ƙungiyar ƙwallon kowa, da ya zo gaban ubansa sai ya koma kurma. Ta dire allon a tsakaninsu ta ce, "Ku riƙa yin wannan, ko na huta da jin agogon nan." Tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu Mai Aski yake rufe shago, ya rataye kwalin da ya rubuta "Na je na dawo", ya zo a buga. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Mama, kuma ko sau ɗaya ba a fasa ba.

Za a daɗe ana tuna marigayin da kyawawan halaye. Bai taɓa neman caji ba. Bai taɓa fushi don an ɗauke wuta ba. An zubar masa da shayi, an ɗora masa ƙafa, an taɓa kashe kyankyaso da shi, duk ya shanye. Ba shi da yawan magana. Iyakarta ƙaras-ƙaras-ƙaras idan ana kaɗa 'yan dayis a cikin kofi, sai kuma ƙwal idan suka faɗi a gilashi. Amma da waɗannan kalmomi biyu ya riƙe zumuncin uba da ɗa shekara goma sha ɗaya, abin da masu dogon baki da yawa suka kasa.

Ya yi fama da abokan hamayya a rayuwarsa, ya kuma ga bayansu. Auta, 'yar Mai Aski, ta taɓa lallaɓa kakanta ya gwada wasan bidiyonta na tseren mota. Baba ya riƙe abin dannawar kamar an miƙa masa jaririn wani, ya kai motar bango sau uku, ya ajiye. Ya ce, "Wasan da ba ka kallon idon wanda ka cinye, ina daɗinsa?" Matar Mai Aski kuwa ba ta wanke-wanke sai da fodkas, shirin hira na intanet, a wayarta. Ran nan ta ƙure murya da gangan, wasu mutum biyu suna ta bayani a kan yadda ya kamata magidanci ya riƙa buɗe cikinsa ga mahaifinsa. Baba ya saurara na minti goma, sannan ya ce, "Waɗannan ba su da sana'a ne? Wa ya tambaye su?" Mai Aski ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai fodkas shagon aski ne da ba a yin aski a cikinsa. Dariyar ta yi yawa, shi ma ya sani, kuma matarsa ta yi masa wani kallo da bai manta ba.

Babban alherin marigayin dai a makonni shidan ƙarshe ya yi shi. Makonni shida da suka wuce Baba ya dawo daga asibiti da wata ambulan mai ruwan ƙasa. Bai nuna wa kowa ba. Ya saka ta a durowar da yake ajiye ƙananan sukundirebobinsa da gilashinsa na ido ɗaya, ya kulle. Daga ranar, da zarar sun zauna sai ya yi gyaran murya ya ce, "Akwai maganar da nake so mu yi." Shi kuma Mai Aski sai ya fizgi kofi ya hau kaɗawa, ƙaras-ƙaras-ƙaras, ya ce, "Baba, kai ne da jefawa." Idan aka gama ya ce a sake, idan aka sake ya ce a raba gardama, har biyar ta yi ya zabura wai mutane na jira a shago. Kwana arba'in da biyu marigayin yana tsaya masa, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ba wai Mai Aski bai ga komai ba. Ya gani sarai. Shi yake yi wa Baba aski, ya kuma san inda ƙyallen aski yake tsayawa a wuyan Baba tun shekara ashirin. Yanzu sai ya naɗe shi ya ƙara naɗewa. Ya ga sababbin huji biyu a igiyar agogon Baba, an huda su tsaf, tazararsu daidai, aikin gwani. Ya ga abincin da ake mayarwa kicin kusan yadda aka kawo shi. Tsoro yake ji, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro, kuma ya ƙudurta a ransa cewa muddin ba a faɗa ba, to abin bai zama gaskiya ba tukuna.

Game da ciwon ajali, ga abin da ya faru. Jiya da tsakar rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da Mai Aski ya dawo ƙarfe huɗu, sai ya tarar da marigayin kwance a tsakar gida, daidai ƙarƙashin indararo, fuskarsa na kallon sama. Ja ya shiga gidan kore, shuɗi ya malala ya cinye hanya, takardar da aka zana gidajen a kai ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ya sheƙa da gudu shago ya ɗauko na'urar busar da gashi. Ya yi rabin awa a durƙushe yana hura masa iska mai zafi, har takardar ta nannaɗe ta rabu da katakon. A hannunsa ya cika.

Baba yana zaune a baranda yana kallo. Ya ce, "Mantawa na yi da shi a waje."

Mai Aski ya so ya yarda, wallahi ya so. Amma wannan mutum ne da ko takalmin baƙo ba ya bari ruwa ya taɓa. Kuma ludo mai gilashi ba ya jiƙa haka kawai. Da ya ɗaga kai sai ya hango gilashin an jingine shi a bango cikin inuwa, an goge shi tas. A bakin taga kuma ga murfin gwangwani, an jera 'yan sukurori huɗu a cikinsa, kowanne a kusurwar da aka kwance shi daga ita, don kada a rikita su wajen mayarwa. Shekara arba'in Baba yana kwance agogo a haka. Ya iya shirya kisa, amma hannunsa bai iya yin aikin ganganci ba.

Mai Aski ya ce, "Baba, bari in leƙa kasuwa in sayo wani kafin a tashi."

Baba ya ce, "Ka saya, amma jibi. Gobe ƙarfe huɗu ka zo min hannu rabbana."

Ya lallaɓa kicin neman mai goya masa baya. Matarsa ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Maigida, ka sayo sabo a yau, a kansa zan yanka albasa. Ni na raka Baba asibitin nan. Ba daga bakina za ka ji ba, kai yake so ya gaya wa. Sati shida bawan Allah yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, kai kana kaɗa masa kofi."

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyar, da maɓallin riga guda da aka ɗauko riƙo tun ɓatan ɗan kore na huɗu. Ya bar kofi ɗaya da 'yan dayis biyu, waɗanda a halin yanzu suke aljihun Baba, kuma ya ƙi bayarwa. Ya kuma bar wani magidanci mai shekara arba'in da huɗu, wanda tun jiya ba shi da sauran abin da zai ɓuya a bayansa.

Za a yi wa marigayin rakiya yau Laraba da ƙarfe huɗu, a barandar da ya yi rayuwarsa. An naɗe shi a tsohon ƙyallen aski, za a sauke shi daga kan ɗan teburin a bar teburin wayam. Kujeru biyu kawai aka tanada, saboda haka ana roƙon jama'a su yi haƙuri su zauna a gida. Auta ta yi alkawarin kashe wasanta, uwarta ma za ta kashe fodkas. Masu niyyar aiko da sabon ludo don ta'aziyya, an gode, amma don Allah su dakata. Shago zai kasance a rufe daga uku da rabi, kuma yau ba za a rataye kwalin nan ba, don mai shagon bai san yaushe zai dawo ba. Wanda ya zo aski gobe ya ji shiru, kada ya tambaya.

Tsarin taron gajere ne. Baba zai buɗe durowa, ya yi gyaran murya, ya ce akwai maganar da yake so su yi. Mai Aski zai ɗora hannuwansa a gwiwa ya danne su, ya ce, "Ina jin ka, Baba." Tun safe yake gwada faɗin haka a gaban madubin shago. Ya yi sau ashirin, kuma har yanzu da ya zo kan "Baba" sai muryar ta ƙi fita.