Wandon Juma'ar Malam Gajere

Ni na raka ƙanwata Jaratu gasar gudun 'yan makaranta jiya. Shekarunta goma sha biyu. Babanmu ya ce ta girma, ba gudu, ba gajeren wando, in ta ƙi ji ta bar makaranta. Sai da aka busa usur na lura da abin da ta sa: wandon Juma'ar kakanmu, Malam Gajere tela, ta nannaɗe ƙafafunsa. Rabin unguwarmu ta Briqueterie sun gani. Saura gasar ƙarshe ranar bikin matasa, kuma maganar tsohon nan kaɗai Baba ba ya tsallakewa. Da safe na bi Jaratu zuwa shagonsa. Na tsaya a bakin ƙofa, ni da duk karatun jami'ar da na gama.

"Ina kwana, angona," in ji Jaratu. "Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan, wando ne ya tafi yawo. Wai an gan ni jiya ina tsere da 'yan mata, ni da ko masallaci sai na huta a hanya."

"Ai suna na yi maka. Tun da aka ɗinka wandon nan bai taɓa wuce kowa ba sai jiya."

"Ji ɓarauniya. Na sake ki. Ba na zama da mace mai ƙafafu kamar karan rake."

"Wa zai kwashe ka? Haƙori uku, biyu na rawa."

"Gudu na maza ne, yarinya. Ga ɗan'uwanki Baballe, kullum yana filin ƙwallo."

"Yana bakin fili dai, yana cin ƙosai. Shi an saya masa takalmin ƙwallo, ni an saya mini tsintsiya. Ran da akuyar mahauta ta tsinke ta nufi unguwar Ekoudou, wa ka ce ya bi ta?"

"Wannan aike ne."

"To in na yi gudu da tire a ka, aike ne. In na ajiye tiren, rashin kunya ne?"

Tsoho ya daina taka keken ɗinki.

"Bar wannan. Ta nawa kika zo?"

"Ta biyu."

"Ta biyu? A cikin wandona?"

"Ina gaba har kwanar ƙarshe, sai zariya ta kwance, wata 'yar unguwar Elig-Edzoa ta wuce ni. Da hannu ɗaya na ƙarasa, ɗayan yana riƙe da mutuncinka."

"Zariyata ba ta kwancewa."

"Haka na gaya musu. Sai uwar yarinyar ta ce telolin Briqueterie ba su iya ɗinkin mai motsi ba, sai na masu zaman tabarma."

"Ita ta faɗi haka?"

Ni dai ina filin, ban ji wanda ya faɗi haka ba.

Ya juyo kaina. "Kai mai digiri, ka tsaya kamar an dasa ka. Miƙo mini shuɗin yadin can." Ya zare tef daga wuyansa, kafaɗunsa na girgiza don dariya. "Har idon sawu zan yi shi, da roba a ƙugu. Ubanki kuwa ki bar ni da shi. Yana kamarki, sai an zagaye unguwa da shi kafin a kama shi a sa masa wando. Amma in kika sake zuwa ta biyu, ki zarce Elig-Edzoa ki nemi wani mijin."

Jaratu ta ɗaga hannuwa sama. "Auna da kyau, tsoho. Hannunka na rawa."