Allon Ummi da Na Yi da Fulawa da Sukari

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar saukar ƙanwata Ummi ba. Ko na so in manta ma ba zan iya ba, don sati uku ke nan, amma har yau in na ɗauki ledar adon kek sai ranar ta faɗo min a rai.

Tun da na gama sakandare ina gida a Kurmin Sarki, ina yi wa mata lalle, ina kuma koyon kek a waya. Ba mu da abin gashi na zamani, tukunya ce da yashi a gindinta a kan gawayi. Ado kuwa, leda nake naɗewa irin ta lalle in ɗura aisin, wato haɗin sukari da bota, in yi ta zane. Mutane suna yaba hannuna, ni kuma (a nan matsalar ta faro) na yarda da su fiye da kima.

Saura kwana huɗu walima Ummi ta shigo rungume da allonta, Malaminsu ya gama yi masa zayyana. Wanda bai taɓa ganin allon sauka ba, ya yi rashi. Gidaje ne ƙanana, ja da kore da ruwan ɗorawa, an kewaye su da baƙin layi kamar saƙar tabarma, a tsakiya kuma ayoyin da mai sauka za ta biya a gaban jama'a.

"Yaya, don Allah kek ɗina irin wannan nake so," in ji ta. "Kowa a ajinmu furanni ake yi masa."

"Irinsa sak?"

"Sak."

"An gama," na ce, har da buga ƙirji.

Kwana biyu na yi a kan aikin nan. Na gasa kek uku na jera su, na yanke masa kai da ƙafafu irin na allo. Na ƙirga gidajen zayyanar ɗaya bayan ɗaya, na haɗa kala har sai da ta yi daidai da ta Malam. Da na zo tsakiya, sai na ga rubutu da sukari ba kamar lalle ba ne, yana gudu. Don haka na ɗauko faranti na fara gwaji. In rubuta, in bai yi ba in goge da tsumma, in ɗauraye farantin a bakin makwarara, in sake. Ku riƙe maganar tsumman nan, za mu dawo kanta.

Abin da nake ta tunani har yanzu shi ne, ni ma fa na yi Islamiyya. Ni ce in na ga takarda mai ayoyi a ƙasa nake tsugunawa in ɗauke in saƙala a katanga. Amma da yake wannan sukari ne da bota, kaina ya ɗauke shi a matsayin ado kawai. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce min "ke, tsaya" ba. Ummanmu ta ce in buɗe mata ta gani, na ce a'a, sai ranar (da na bari ta leƙa, da ba ku karanta wannan labarin ba).

Ranar Asabar da hantsi tsakar gidanmu ya cika. Kaka, mahaifiyar Babanmu wadda aka sa min sunanta, ta zo tun daga Tafa. Malam ya biya, Ummi ta maimaita, aka yi addu'a, Umma tana share hawaye da gefen hijabi. Sai na ce a raina, yanzu lokacina ne. Na fito da kek ɗin a kan tire a lulluɓe, na ajiye kusa da allon gaske, na yaye.

Wallahi an yi ta "Masha Allah". Wayoyi suka tashi sama. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Kai, wanne ne orijinal ɗin?" Kaina ya kumbura ya kusa fin ƙofar ɗakinmu. Na miƙa wa Ummi wuƙa, ita kuma saboda ladabi ta miƙa wa Malam da hannu biyu.

Malam ya sunkuya. Na ga leɓensa yana motsi, sai daga baya na gane karantawa yake yi. Ya kai ƙarshe, ya ajiye wuƙar a hankali a kan tabarma.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ce, Malam," na ce, haƙorana duk a waje.

"Hannu ya yi kyau, ban ga kuskure ko ɗaya ba. To amma 'yata, ta ina za a sa wuƙa?"

Na kalli kek ɗin kamar yau na fara ganinsa. Duk inda wuƙa za ta bi, sai ta raba aya biyu. Daga baya wata ta ce, "Subhanallahi, ayoyi ne fa!" Wata ta ƙara, "Ga yara, su zubar da ɓurɓushi a bi a tattake." Wayoyin da aka ɗaga suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Baba ƙasa kawai yake kallo, kuma da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Ni kuwa ina tsaye riƙe da mayafin da na yaye.

Ummi ta matso ta ja min riga. "Yaya, shi ke nan ba za a ci ba?" Idonta ya cika taf. Yarinyar da ta yi shekaru tana tashi da asuba don wannan rana, ni na tsaya na mayar mata da ita ranar kallon ƙasa.

"Takwara," Kaka ta kira ni daga kan tabarmarta. "Daina tsayuwa kamar an dasa ki. Kawo cokali da kwano mai tsabta da ruwan ɗumi."

Na kawo. Ta yi bisimilla, ta kankare rubutun nan tas, layi bayan layi, ba ta bar ko ɗigo ba. Ta zuba a kwano ta dama.

"Malam, allo dai wanke shi ake yi a sha, ko an canja?"

Malam ya yi dariya. "Ba a canja ba, Hajiya."

Ummi ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Kaka, zaƙin ya yi yawa!"

"Shanye, 'yar gata. Mu da tawada muka sha namu, babu mai sa mana bota."

Aka fashe da dariya, aka yanka kek mai sanƙo a tsakiya, Ummi tana rabawa tana murmushi. Kowa ya ci ban da ni. Tsumman nan ne ya tsaya min a rai, da ruwan da na yi ta zubarwa a makwarara.

Da la'asar, bayan baƙi sun watse, na durƙusa gaban Kaka na faɗa mata.

"Sau nawa?" ta ce.

"Ya kai goma."

"Ba ki san ba a yi ba?"

Na so in ce ban sani ba. "Na sani, Kaka. Ban dai tuna ba."

"To wannan ba ni za ki gaya wa ba, Mai ayoyin za ki gaya wa, kuma Yana ji. Ɗauko tsumman." Muka haƙa rami a gindin bishiyar gwaiba muka binne shi. Na makwarara kuwa ya riga ya tafi, kuma shi ne nake ta neman gafara a kansa bayan kowace sallah.

Abin da na koya ba babba ba ne. Ba duk abin da hannu zai iya kwaikwaya ne ya kamata ya kwaikwaya ba, kuma kek, komai kyansa, ƙarshensa wuƙa ce da haƙora. Yanzu in aka nuna min hoto, kafin in kalli kala sai na tambayi kaina inda wuƙa za ta bi.

Shekaranjiya maƙwabciyar nan ta aiko in yi mata kek na sunan jikanta, in rubuta sunan yaron a sama da manyan baƙaƙe. Na ce wane suna za a sa masa? Aka ce Abdullahi.

Na ce a gaya mata furanni na iya.