Nomau da Ƙofar Madam Odil

A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai wani tela mai suna Salmanu, mutumin Tasawa, wanda ya daɗe a can har gashin bakinsa ya koyi lanƙwasa irin na masu garin. Haya yake yi shi da matarsa Tabawa a ƙasan wani bene. Mai benen wata tsohuwa ce, Madam Odil, tana can ƙololuwa ita kaɗai, ko tari aka yi da ƙarfi sai ta buga sandarta. Ana nan sai ga Nomau, ɗan ƙanwar Salmanu, ya zo koyon ɗinki. Ƙato ne mai fara'a, komai ya gani sai ya ce tubarkalla. Aibinsa ɗaya ne: yadda aka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Salmanu ya ce, "Nomau, mutanen nan in ka shiga wuri ba ka ce musu bonjur ba, ka zage su. Kowa ka gaishe shi." Nomau ya hau bas cikin murna. Ya fara da direba, ya bi kujera kujera yana miƙa hannu biyu. Kafin ya kai baya wasu sun hau, ya dawo ƙofa ya sake farawa. Bas ta kai ƙarshen hanya ta juyo, yana ciki. Sai la'asar ya iso gida, murya a dishe.

"Kawu, garin nan akwai jama'a. Saura na kan titi."

Wata rana Tabawa ta aike shi sayen burodin nan nasu mai tsawo kamar sanda. Ta ce, "Kada ka ba mu kunya, yadda ka ga suna yi kai ma ka yi." Nomau ya ga wani dattijo ya maƙale nasa a hammata, ya gutsuri baki ya ci. Shi ma ya gutsura. Ya haɗu da wata ta gutsura, ya ƙara. Safiya ce, kowa da burodinsa. Ya shigo gida yana sheƙi, takarda kawai a hammata.

"Inna, al'adarsu akwai daɗi."

Wata rana Salmanu ya nuna masa mazuban shara. Ya ce, "A nan ba a gwama shara. Kwalba daban, takarda daban, ɓawo daban." Nomau ya leƙa ya ga maƙwabta sun ɗan gwama, ya tausaya musu. Ya juye sharar gidan gaba ɗaya a kan matakala, ya zauna yana tsincewa yana waƙa. Madam Odil ta sauko ta tarar da kan kifi yana kallonta. Ta kira Salmanu ta ce abu ɗaya ya ƙara faruwa, su tattara keken ɗinkinsu su bar mata gida.

Salmanu, da yake mai dabara ne, kowa ya sani, ya ce tsohuwa da ladabi ake saye ta. "Kullum da safe ka hau ka ƙwanƙwasa ka gaishe ta. Kada ka sauko sai ta amsa." Haka aka yi ta yi. Nomau ya ƙwanƙwasa, ita kuma ta jefo masa bonjur ta bayan ƙofa kamar mai korar kaza.

Wata rana, ranar Lahadi, ranar da Bafaranshe ba ya yafe wa mai hayaniya, Nomau ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya ƙara, shiru. Ya sa dunƙulen hannu, bene ya ɗauka. Maƙwabta suka fito da rigunan barci suna zazzaga Faransanci. Salmanu ya hau a guje, ya kama rigarsa yana ja.

"Ka kashe ni, ɗan nan. Yau a titi za mu kwana. Sauko."

"Kawu, ba ta amsa ba."

"Na ce ka sauko."

"Kai ka ce sai ta amsa."

Wani ya kira 'yan sanda a zo a tafi da mahaukaci. Da suka iso suka sa aka yi tsit, sai aka ji nishi can ciki. Aka kira 'yan kwana-kwana suka ɓalle ƙofa. Ashe tun jiya Madam Odil ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye, kuma duk benen babu wanda zai neme ta sai ranar biyan haya. Da aka fito da ita a kan gadon ɗauka, ta ɗaga hannu aka tsaya. Ta dubi ƙaton nan, ta ce a hankali, "Bonjur, Nomau."

Nomau ya washe baki. "Kawu, ta amsa. Mu sauka."

Tun da ta dawo daga asibiti ba a sake maganar tashi ba. Salmanu yana murza gashin baki yana gaya wa duk mai kawo ɗinki cewa shirinsa ne tun farko, kuma gaskiyarsa. Amma ku dubi rashin adalcin duniya: mai dabara yana ƙasa yana taka keke, Nomau yana sama kullum da safe, an buɗe masa ƙofa, yana shan shayi da burodi guda cur.