Ranar da Na Gyara Armuwar Balki

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwata Balki ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bari ba. A Madarumfa ne, shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi. Lokacin ni tela ce mai ji da kaina. Nakan ce idona ya fi magwaji, in na kalli mace sau ɗaya na san yadin da zai ishe ta. (Ji baki, don Allah.)

Ni aka ba ɗinkin anko. Atamfar mai ratsin baƙi da fari ce, layukan duk sun ɗan kwanta dama kamar gero bayan iska. Tun hantsi nake duƙe a kan keke ina bin layukan nan da ido, ban ɗago ba sai da aka aiko cewa mata na jirana a gidan ango, nan bayan gidanmu. Na yar da almakashi na ruga.

A kayan Balki, abin da Inna mahaifiyarmu ta fi ji da shi tangaran ne. Shekaru ta yi tana tara su ɗaya-ɗaya daga Jibiya, duk sanda ta sayar da tumatirin lambunta na bakin tafki. Ko mu 'ya'yanta ba ta bari mu taɓa su. Na tarar an riga an jera su cikin armuwar, doguwar durowar nan mai ƙofar gilashi.

Kallo ɗaya na yi na ce, "Armuwar ga ta karkace hagu."

Gwaggon ango, dattijuwa mai sanyin murya, ta ja baya ta duba. "Ɗiyata, ni dai daidai nike ganin ta."

Da na yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma ina. Na ce, "Gwaggo, ai daɓen ɗakin naku ne ba daidai ba. Mu masu aiki da ido mun sani." A gaban surukai fa, ɗaki cike da mata.

Na sa aka kawo tsingaro, 'yan mata suka ɗaga gefen hagu, na cusa ƙarƙashin ƙafa. Na ja baya, har yanzu a karkace. Na ƙara wani.

Inna, da ke tsaye a gefe, ta ce a hankali, "Ke, bar ta hakanan."

"Inna, bari in ida, kar a ce ba mu iya jere ba."

Ina cusa na gaba ƙofar gilashin ta buɗe da kanta. Farantan da aka jingina a tsaye suka biyo juna zuwa ƙasa. Har yau ina jin ƙarar a kunnena.

Na ɗago kai don neman inda zan sa idona, sai na ga ƙofar ɗakin ita ma ta karkace hagu. Taga haka. Har gwaggon da ke tsaye ta jirkice. Nan na gane layukan atamfar ne suka wuni suna koya wa idona ƙarya. Can komai ya miƙe ya koma daidai, ban da armuwar, wadda yanzu na gan ta sarai a kwance dama, aikin hannuna.

Da Inna ta mare ni da na ji sauƙi. Durƙusawa ta yi tana tsince ɓaraguzan cikin haɓar zanenta, ba ta ko dube ni ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta durƙusa kusa da ita tana taya ta, sannan ta ce, "Ba komi, tsautsayi ne. Amma a hidda tsingaron ga, daɓenmu ya ishe ta."

Biki ya wuce, armuwar amarya rabi fayau. Har yau in na kushe wani abu a gida, Balki kan ce, "Yaya, wace atamfa kika ɗinka yau?" Ni ma yanzu in na ga abu a karkace, bango ne ko mutum, sai na fara tambayar kaina abin da na wuni ina kallo kafin in nemi tsingaro.