Rasuwar Dattijo, Rediyon da Ya San Muryar Kezia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ba zan ɓoye ba, ni Abednego, tsohon malamin firamare mazaunin Vinikilang da ke kusa da Yola, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rediyona mai cin kaset, wanda kowa a gidan nan yake kira Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, da zaren kaset a bakinsa. Ubangiji ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa. Sai dai a wannan mutuwar ina ganin akwai hannun mutum.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a matsayin kyautar aure daga dangin matata, marigayiya Kezia. Mai magana ɗaya ne. Idan labari ne, labari ne. Idan waƙa ce, zai bari ta kai ƙarshe. Idan wasa ne, sai ya faɗa maka wasa ne tun kafin a fara. Kafin ya yi magana yakan gyara murya, "shhh, ƙrrr," kuma ban taɓa jin ya saka dariya a bayan sanarwar mutuwa ba.

A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, lokacin da mutane suke kwararowa Yola da ƙafa, unguwarmu a gabansa take taruwa. A kwanakin nan kalmar "ku tashi" ba abin wasa ba ce. Wanda ya ji ta, yaro yake sungumewa ya bar tukunya a kan wuta. Jita-jita ta sha cewa mu tashi, Dattijo yana cewa mu dakata. Muka dakata, kuma bai ba mu kunya ba.

A lokacin ne Kezia da matan zumunta suke dafa wa 'yan gudun hijira abinci a harabar coci. Ta haɗa wata waƙa saboda waɗanda ba su iso ba: "Ku da kuka kwanta a hanya, ku yi barci, rana tana zuwa da za a ce muku ku tashi." Ni na danna jan maɓalli, Dattijo ya ɗauka. Bayan rasuwarta, wannan kaset ɗin ne kaɗai ya rage mini na muryarta.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne ranar da Fredrick, ɗan ƙanena, ya zo gaisuwa. Yana da shago a Jimeta inda yake tura wa mutane waƙoƙi a waya. Ya ce, "Bappa, kaset yana lalacewa fa. Kawo in ajiye maka muryar Mama a kwamfuta." Na ba shi, ya kwafa ya dawo mini da shi. Kowa ya sani, biri ya yi kama da mutum, amma ni a ranar ban ga wutsiyar ba.

Ba a jima ba, ina cikin keke mai ƙafa uku muna hawa gada, direba ya ƙure sauti. Ga ganga irin ta gidan rawa, ga sarewar Indiya, ga guntun wa'azi, ga kukan akuya. Sai ga matata a tsakiya: "Ku tashi, ku tashi, ku-ku-ku tashi!" An yanke waɗanda suka kwanta a hanya, an yanke barcinsu, an bar mata kalma biyu tana ta maimaitawa kamar mai in-ina. Budurwar da ke gefena tana kaɗa kafaɗa, ta ce wata sabuwar mawaƙiya ce daga Legas. Direba ya rantse ba mutum ba ne, kwamfuta ce. Na ce musu matata ce, kuma waƙar makoki ce. Suka fashe da dariya, suna leƙe-leƙen inda na ɓoye kyamara. Raina ya ɓaci matuƙa, na sauka tun ban kai inda zan je ba.

Da na tuhumi Fredrick, ko gezau. "Bappa, yanzu ba waƙar wani, komai na kowa ne. Ni rayar da Mama na yi." To, ga irin rayuwar. Kwanaki wuta ta kama wani shago a layinsu, wani tsoho ya yi ihu, "Ku tashi!" Samarin da ke zaune suka amsa masa, "Ku-ku-ku tashi!" suka zaro wayoyi. Sai da hayaƙi ya shiga idonsu suka yarda ba shirin barkwanci ba ne.

Ranar Talata wata tasha ta saka wannan abin, ya fito ta bakin Dattijo da kansa. Na yi maza na cusa masa kaset ɗin Kezia don in wanke masa baki. Ya rera layin farko lafiya. Daga nan muryar ta yi nauyi, ta ja, ya ce "ƙrrr," ya tauna zaren tun daga farko har inda ƙarfinsa ya ƙare. Chukwuma mai gyara ya duba ya ce, "Oga Tisha, tsufa ne kawai, bel ɗin da ke juya kaset ya tsinke." Na kusa yarda, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu: ku-ku-ku tashi. Wanda yake cikin masu rawa ba zai ba da shaida a kan makaɗi ba. Ni dai na san kaset ɗin bai dawo daga Jimeta yadda ya tafi ba, kuma na san baƙin ciki yana kisa.

Marigayin ya bar eriya da aka ɗaure da waya, da biron da muke juya kaset da shi, da rigar da Kezia ta saƙa masa, da ni.

Jiya Fredrick ya zo ta'aziyya. Ya kunna mini waƙar cikakkiya daga wayarsa, ba ganga, ba akuya, tas da ita. Na yi hawaye. Sai da ta ƙare ya ce ya sa kwamfuta ta ƙara baiti guda da muryar Mama, don waƙar ta yi gajarta. Na ce wanne? Ya ce, "Bappa, in kai ba ka gane ba, ai ba matsala ke nan." Na sa ya maimaita, na sake sa shi ya maimaita. Na zauna da matar nan har gashinmu ya yi fari, amma na kasa nuna inda ta tsaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan gida, gindin mangwaro. Ba kiɗa, ba ɗaukar hoto, kuma za a karɓi wayoyi a bakin ƙofa. Ana roƙon duk matar zumunta da ta rera waƙar nan tare da Kezia a wancan lokacin, in tana raye, ta daure ta zo. Ina so a rera mini ita da baki, domin wanda zai iya gaya mini baitin da ba nata ba, shi za mu saka a rami.