Ƙwaron da ya gyara mana kwata

Yau da safe na gurɗe a ƙofar gidana, kuma tsafta ce ta ja mini. Shekara bakwai ina tsallake ruwan kwatarmu da ta toshe kafin in taka titi, har ƙafata ta haddace. Yau na manta an gyara, na tattare riga, na daka tsalle a kan busasshiyar ƙasa, sai ga ni zaune. Tela maƙwabcina ya yi dariya har allura ta faɗo daga bakinsa.

Ku tsaya ku ji yadda aka yi ta bushe. Duk damina ruwan kwatar nan har ƙarƙashin gadona yake shiga, mai ɗakina kuwa ta rantse bana in ya shigo ita za ta fita. Takardar koke goma sha ɗaya na kai ofishin da abin ya shafa. Kullum amsar ɗaya ce: "Malam, fayil ɗinka yana sama." Ni dai hawa biyu nake gani a ginin, ban san wane saman suke nufi ba.

Kwanan baya ƙanwar matar tela ta kawo ziyara. Dakta ce a jami'a, wai ƙwari ta karanta. Muna cikin gaisawa ta tsuguna bakin kwata, ta tsinto wani siririn ƙwaro cikin ruɓaɓɓen ganye. Fukafukansa ko rabin cikinsa ba su rufe ba, kamar wanda tela ya ci wa yadi. In ka matso sai ya ɗaga wutsiya irin ta kunama, alhali ba shi da harbi ko na magani. Ta ƙara tsinto uku irinsa, ta zuba su duka a kwalba ta tafi.

Bayan mako guda ta dawo da murnarta. Ta duba shi a madubin ɗakin bincike, ta ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa, ta gwada shi da danginsa kaf, babu irinsa a littafi.

"Baba, da alama sabo ne! Sai dai duk mata na samu, su kuwa irin waɗannan sai an duba namiji ake tabbatarwa. Don Allah kada kowa ya taɓa kwatar nan."

Na ce, "Dakta, kwantar da hankalinki. Hukuma ta shekara bakwai tana bin wannan umarni."

Ashe na yi saurin baki. Labari ya kai kunnen Mai Girma Uban Almakashi, wanda ko murfin rijiya ba a buɗewa sai ya yanke ƙyalle. Aka ce zai zo ya ƙaddamar da ƙwaro, a kuma raɗa wa ƙwaron sunan Mai Girma. To, wa zai kawo babban mutum cikin wari? Shekaranjiya motoci suka cika layi, aka kwashe kwata tas, aka wanke, aka yi mata fenti. Sannan aka bi ta da feshin maganin ƙwari, kada sauro ya ciji Mai Girma. Dakta ta iso da 'yan kwalabenta, ta tarar mai feshi yana wanke hannu. Wallahi ta ba ni tausayi, na sunkuyar da kai don kada ta ga haƙorana.

Jiya Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya leƙa kwata, ya ce, "Ina yake?"

Mai riƙe masa jaka ya ce, "Ranka ya daɗe, kwarjininka ne ya sa ya ɓuya."

Aka yi tafi, aka kafa kwamitin neman namiji mai mutum goma sha tara.

Mai ɗakina dai ta fasa tafiya, amma ta ce ƙwaron za ta gode wa, tunda mata huɗu a kwalba sun yi abin da takarduna suka kasa. Mutanen layin baya ma sun aiko a tambaye ni ko akwai saura in ara musu.

Don haka in kun ga wani mai ɗingishi tsugune bakin ƙaton ramin da ke mahaɗar titinmu, kada ku ce ya zautu, ni ne nake neman ƙwaron da zai sa a cike ramin. Tun safe tururuwa kawai na samu, ita kuwa Dakta ta daina amsa gaisuwata.